Teburin da ba shi da rami: ta ina zan fara koyon bango uku?

Ɗan Nima mai esi:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara faɗa muku yadda abin ya same ni.

Ni gyaran esi da firji nake yi, shagon maigidana yana Nima, a nan Ankara babban birnin Gana. Wata uku da suka wuce aka kira mu wani gida a East Legon, gidan wani ɗan Koriya mai harkar kifi a Tema. Esin ɗakin ƙasa ne yake ɗigar ruwa. Ina kan tsani ina kwance murfi sai idona ya sauka kan teburin da ke tsakiyar ɗakin. Shuɗin ƙyalle ne a kansa, ya fi teburan sunuka na bakin titi girma nesa ba kusa ba, kuma babu rami ko ɗaya. Sai da na sauko na zagaya shi sau biyu ina neman ramukan. Ƙwallo uku ce kacal a kai, fara da rawaya da ja. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, wata waya ta fito daga ƙarƙashinsa ta shiga soket, da na ɗora tafin hannu a kan ƙyallen sai na ji ɗumi kamar bayan kyanwar da ta kwanta a rana. Ga ni an kira ni in sanyaya ɗaki, ga teburi kuma ana ɗumama shi.

A haka mai gidan ya same ni. Bai yi faɗa ba, sanda ma ya ɗauko ya nuna mini. Kowane ɗan wasa da ƙwallonsa, ɗaya fara ɗaya rawaya. Za ka buga taka ta taɓa sauran biyun, amma kafin ta taɓa ta biyun dole ta riga ta daki bangon teburin aƙalla sau uku. Idan haka ta faru ka ci maki ɗaya ka ci gaba da bugu, idan ba ta faru ba ka koma ka zauna. Ya buga wata a gabana, ƙwallon ta taɓa ja, ta tafi can ta zagayo teburin gaba ɗaya, ta dawo a hankali ta ɗan shafi rawaya kamar mai gaisuwa. Wallahi daren nan da wannan ƙwallon na kwana a raina.

Tun ina ɗan shekara 14 nake buga sunuka, daga Nima har Mamobi ba kowa ke cin galaba a kaina ba, shi ya sa na ɗauka mako biyu ya ishe ni. Ya ce in riƙa zuwa duk Lahadi bayan la'asar. Yanzu Lahadi tara ke nan ina zuwa. Ta ƙarshe na hau teburin sau 30, maki 4 na ci, biyu daga ciki ma ni kaina na san sa'a ce. Mutumin yana da kirki amma Turancinsa kaɗan ne, da hannu yake yi mini bayani, rabin abin ba na kamawa.

To don Allah wanda ya san wasan nan, ta ina ake farawa? Rana ɗaya gare ni a mako a kan teburin gaske, sauran kwana shida sai na bakin titi. In sayi sandata ne? Na ga ana maganar wani lissafi da ɗigogin da ke jikin katakon gefe, shi zan fara koya? Kuma ɗumin nan na mene ne?

Baba na Madina:

Wa alaikumus salam ɗana. Da na karanta saƙonka sai da na ajiye kofin shayi, don ban taɓa zaton zan ji yaron zango yana tambayar wasan nan ba. Shekara 22 na yi a Antwerp, a Beljiyam, ina aikin ɗora kaya a tashar jiragen ruwa. A can wasan nan kamar dara yake a wurinmu, driebanden suke ce masa, wato bango uku. Wani tsoho abokin aikina ne ya ja ni kulob ɗinsu, kuma ban daina ba sai da na dawo gida.

Da farko ka kwantar da hankalinka a kan maki 4. A wasan nan ba a auna mutum da wanda ya ci jiya, ana raba makinsa ne da yawan hawansa teburi. Naka 4 a raba da 30, ya ba ka 0.13. Haka kowa yake farawa. Ni duk shekarun nan da na yi, shekarar da hannuna ya fi faɗawa 0.6 na kai, kuma a kulob ɗinmu ana girmama ni da wannan. Manyan duniya su ne ke yawo tsakanin 1.5 da 2. Ka sayi ƙaramin littafi, duk Lahadi ka rubuta hawa nawa, maki nawa. Littafin nan ba ya yi wa mutum ƙarya, ƙwaƙwalwa kuwa kyawawan bugu kaɗai take riƙewa.

Ban gan ka ba, amma na san ciwonka, don duk ɗan sunukar da ya zo kulob ɗinmu da shi yake zuwa. Ƙarfi. Kun saba da teburi mai kaurin ƙyalle da mataccen bango, inda sai an narka wa ƙwallo duka kafin ta motsa. Ƙwallon wasan nan faɗinta milimita 61.5, nauyinta ya ɗan haura giram 200, ta fi taku girma da nauyi. Ƙyallen kuma sumul yake, babu gashi a jikinsa. Da zarar ta fara gangarawa ba ta son tsayawa. Idan ka zabga mata ƙarfi sai ta nutse cikin robar bango ta fito a tsaye, hanyarta ta gajarce, duk abin da ka auna ya lalace. Bugun da za ta zagaya teburin ta iso wurin ta biyu tana tafiyar hawainiya, shi ake nema. A irin wannan tafiya ko ka ɗan kuskure tana iya taɓa bango kusa ta dawo ta same ta.

Abu na biyu ya fi wuyar gyarawa, don a ido yake. A sunuka hankalinka yana kan ƙwallon da za ta faɗa rami, fara kuwa 'yar aike ce. A nan taka ce matafiyiya. Waccan da ka fara taɓawa ba ta da wani aiki illa ta karkatar da taka, sannan ta kauce daga hanya. Saboda haka abin da za ka fara koya shi ne kauri, wato nawa za ka ɗiba daga jikin ƙwallon farko: cikakkiya, kashi uku cikin huɗu, rabi, kwata, ko siririn shafa. Ka fara da rabi. Ka saita tsakiyar kan sandarka daidai gefen waccan ƙwallon, ka bugi taka ɗan sama da cibiya don ta tafi tana gangarawa, za ka ga ta kauce kusan digiri 30 daga layinta. Daɗin rabi shi ne ko ka ɗan ƙara ko ka ɗan rage, kaucewar ba ta canzawa sosai. Ka maimaita wannan har jikinka ya haddace kusurwar nan, in ka kalli teburi ka gan ta a zane kafin ka sunkuya.

Kuma zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. A Beljiyam ba a sa sabon shiga a bango uku. Da libre ake farawa, a ƙaramin teburi mai tsawon mita 2.10 ko 2.30, inda kawai za ka taɓa ƙwallo biyun ba ruwanka da bango. Daga nan a koma bango ɗaya, sannan uku. Wata takwas tsohon nan ya tsare ni a libre, ina ta jin haushinsa a raina, ashe hannuna yake gyarawa. Ka roƙi mai gidan ya bar ka ka riƙa zuwa awa ɗaya kafin lokacinku. Ka tara ƙwallayen uku kusa da juna, ka yi ta taɓa biyun a hankali ba tare da sun watse ba. Ranar da ka yi goma a jere, ka zo ka faɗa mini.

Batun ɗumi kuwa, ai kai ne ma ya kamata ka ba ni amsa, tunda aikinka ke nan. Danshi ne. Ƙyallen ulu yana shan laimar iska, idan ya sha sai ƙwallo ta yi nauyin tafiya, bango ma ya sake hali. Shi ya sa ake sa hita a ƙarƙashin dutsen da aka shimfiɗa ƙyallen a kai, a riƙe shi kamar digiri 5 sama da zafin ɗakin. Ka tuna yadda teburan unguwarku suke gudu da hunturu, su yi nauyi a watan Yuni lokacin da ruwa ya kankama. A gari irin namu da ke bakin teku, teburi mara hita kullum da sabon hali zai tashi.

Sanda kada ka saya yanzu. Tasu ta fi ta sunukarku gajarta, wajen santimita 140, kanta wajen milimita 12, kuma ba ta lanƙwasa. Ka yi amfani da ta gidan har shekara. Abin da za ka canza yau ba da ko sisi ba shi ne hannun da ke kan teburi: ka naɗe manuniyarka a kan sandar ta zama zobe, kada ka bar ta a buɗe.

Mai walda, Suame:

Masta, ni dai ban taɓa ɗora hannu a teburin gaske ba, a waya nake kallon wasan. Amma kan maganar kwana shidan nan ina da abin cewa, don na gwada. Akwai tsohon teburin sunuka a bayan garejinmu a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Na yanko katako, na manna masa robar taya, na toshe ramukan shida. Kwana biyu na ɓata a kai. Na tsakiya sun ɗan yi aiki, na kusurwa kuwa banza ne, ƙwallo na zuwa wurin sai ta mutu ko ta fito ta inda ta ga dama. Kada ka wahalar da kanka.

Abin da ya fi, ka shirya da mai teburin unguwarku ka riƙa zuwa da safe kafin yara su taru, ka ba shi 'yan sidi ya buɗe maka ƙofar gefe, don kada duk ƙwallon da ta faɗa sai ka sake jefa kuɗi. Sannan kada ka yi atisaye da farar teburin. A yawancin teburan jefa kuɗi girmanta ko nauyinta daban yake da sauran, da haka injin yake gane ta ya dawo da ita. Ka zaɓi uku masu girma ɗaya daga cikin masu launi. Rabin ƙwallon nan da Baba ya faɗa da riƙon zobe duk za su koyu a wurin.

Kuma in yara suka ga kana zagaya teburi da ƙwallo uku za su ce a sa kuɗi. Kada ka yarda. A wurinmu caca ce ta sa dattawa suka sa aka kulle teburin wata uku.

Malamar lissafi, Asawase:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa na yarda da shi, sai dai ina neman izini in amsa masa tambayar ɗigogi, don na ga kun tsallake ta, kuma ina jin da gangan ne.

Ƙanena, ni a Turkiyya na yi karatu, a can na koyi wasan, üç bant suke kiransa. Teburin gasa cikinsa mita 2.84 ne a tsawo, 1.42 a faɗi, wato murabba'i biyu aka haɗa. Ɗigogin sun raba dogon gefe kashi takwas, gajere kashi huɗu. Lissafin da aka fi sani ragi ne kawai: lambar inda ƙwallonka take, a cire lambar inda kake son ta sauka a bango na uku, abin da ya rage shi ne ɗigon da za ka saita a bango na farko.

Ga yadda za ka gwada ba tare da wata ƙwallo a gabanka ba. Ka ajiye taka a kusurwar da ke hannun damarka, wannan kusurwa lambarta 50. Ka dubi dogon bangon da ke hagu, ka ƙirga ɗigoginsa daga can kusurwar nesa: 10, 20, 30. Ka saita sandar a kan ɗigon 30 shi kansa, wanda ke jikin katako, ka bugi ƙwallon ɗan sama da cibiya kuma ɗan gefen dama, don ta riƙa juyawa da hanyar da take bi, da matsakaicin ƙarfi. Za ta daki dogon bangon hagu, ta daki gajeren bangon can, ta sauko dogon bangon dama wajen ɗigo na biyu daga nesa, wato 20, tunda 50 a cire 30 saura 20. Daga nan sai ta miƙo zuwa kusurwar da ke hannun hagunka. Ranar da na fara ganin ƙwallo ta bi lambar da na faɗa kafin in buga, na fi minti ɗaya a tsaye ban ce uffan ba. Ina koyar da kusurwoyi a allo kullum, amma ban taɓa ganinsu suna tafiya ba sai a teburin nan.

Wannan gwaji ko a teburin sunuka yana yiwuwa, in dai yana da ɗigogi kuma bangonsa da sauran rai.

Sai kallo. Wasannin gasar duniya suna nan a YouTube. Kada ka kalle su kamar ƙwallon ƙafa. Ɗan wasa yana da daƙiƙa 40 kafin ya buga, to kai ka tsayar da bidiyon, ka zana hanyar da kake zato da yatsa a kan wayar, sannan ka sake shi. Ka nemi wasan ƙarshe na 2023 da aka yi a Ankara ta Turkiyya, ba tamu ba, inda Bao Phuong Vinh ya doke ɗan ƙasarsu Biyetnam, Tran Quyet Chien. Kuma wasan ba baƙo ba ne a nahiyarmu. A Masar aka yi gasar duniya ta 2018 a Alƙahira da ta 2021 a Sharm el-Sheikh, duk biyun Dick Jaspers na Holan ne ya ɗauka, kuma Sameh Sidhom ɗan Masar yana cikin waɗanda ake gogawa da su a sama.

Baba na Madina:

'Yata, Allah ya yi albarka, kin kama ni, da gangan ne. Lissafinki daidai ne, ni ma da shi nake buga duk ƙwallon da zan fara da bango. Tsorona ɗaya ne. Lambobin nan suna aiki ne ga mai bugu iri ɗaya kullum, murɗi ɗaya (wato juyin da ake sa wa ƙwallo da bugun gefenta), ƙarfi ɗaya. Yaron da hannunsa bai zauna ba zai buga 50 zuwa 30 sau biyar ta sauka wuri biyar, sai ya ce lissafin ƙarya ne, ko ya fara ƙara lamba yana ragewa alhali matsalar tana gwiwar hannunsa. Kuma yawancin bugu a wasa da ƙwallo ake farawa ba da bango ba, a nan kauri ne sarki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai sai an ciyar da shi da maimaici.

To ga sulhu. Ɗana, gwajin da ta ba ka ka mai da shi ma'auni. Duk Lahadi kafin komai ka buga shi sau goma. Idan duk goman suka taru wuri ɗaya, ko da ba a kusurwar ba, hannunka ya yi kyau, teburin ne yake da halinsa, ka san yau yana tsawaita ko yana gajartawa. Sabon ƙyalle yakan yi santsi ya tsawaita, tsoho ya gajarta. Idan kuwa suka watse kamar an zuba gero wa kaji, koma kan libre.

Kuma kada gaggawa ta cinye ka. Raymond Ceulemans, mutumin ƙasar da na zauna, sau 21 ya ɗauki kambun duniya a wasan nan, na farko a 1963, na ƙarshe a 2001 yana ɗan shekara 64. Shi ɗin ma mafi tsawon jerin da ya yi a gasa maki 28 ne, a 1998, adadin da Junichi Komori na Japan ya riga shi kaiwa a 1993. Kai shekarunka nawa ma?

Ɗan Nima mai esi:

Baba, 26 ne. Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ku da Malama da Masta na Suame.

Jiya na je tun azahar. Mai gidan ya ba mai gadi izini ya buɗe mini ɗakin. Na fara da gwajin 50 zuwa 30 sau goma, na aro 'yan murafan kwalba na riƙa ajiyewa a kan katakon gefe duk inda ƙwallon ta sauka a bango na huɗu. Baba, geron kajin nan ne. Uku sun je kusurwa, huɗu sun faɗa dogon bango tun kafin su iso, sauran sun wuce sun daki gajere. Da na tsaya na lura sai na ga waɗanda suka gajarta duk su ne na ɗan ƙara wa ƙarfi, kuma alli ma ba na gogawa kowane bugu, sau biyu kan sandar ya zame.

Sai na koma kan libre kamar yadda kuka ce. Mafi yawan da na jera shida ne. Ina cikin yi mai gidan ya sauko, ya tsaya yana kallo, ya gyaɗa kai, ya je ya buɗe wata akwati ya fito da ƙwallo huɗu, ja biyu da fara da rawaya. Ya ce a ƙasarsu da wannan ake farawa, sagu sunansa: ka taɓa jajayen biyu, kada ka taɓa ta abokin wasa. Da alama tun tuni yake son ya ce mini in koma baya, yana jin nauyi ne. Mun yi rabin awa a kai kafin mu shiga bango uku.

A wasan na hau sau 30 na ci 6, na rubuta 0.2 a shafin farko na littafin. Ɗaya daga ciki ba zan manta ba. Ja tana kusa da dogon bango, rawaya tana can kusurwar da ke kusa da ni. Na ɗauki rabin ja, na sassauta hannu har ina tsoron ba za ta kai ba. Ta daki bango na farko, na biyu, na uku, ta taho tana raguwa har ina iya ganin jajayen ɗigogin jikinta suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta jingina da rawayar ta tsaya. Mutumin ya ɗaga hannu ya ƙyasta yatsu sau uku, ashe haka suke yaba bugu.

Sai dai ga sabuwar matsala. Sau biyar a wasan jiya ƙwallona tana kan hanya daidai, sai wadda na fara taɓawa ta zagayo ta tsakiyar teburi su yi karo, komai ya rushe. Kusan duk a bugu iri ɗaya ne, wanda nake zagaya teburin ta bayan ja. Mai gidan ya nuna mini da yatsa cewa in ƙara kauri, wani lokacin kuma ya ce in rage, ban gane yaushe ake wanne ba. Baba, ta yaya kuke gane za a yi karo tun kafin ku buga? Na ɗauki hoton yadda ƙwallayen suke zaune a biyu daga ciki, in an tashi daga aiki da yamma zan turo.